Kafin ka binne bututun ruwan rufi, fara nemo inda ruwan zai fita

Wani mai gida ne ya aiko da wannan tambaya. Ya ce rufinsa na kwano ne, tsawonsa mita 12, faɗinsa mita 10, kuma bututu huɗu ne ke sauko da ruwa daga indararo suna zubarwa a gindin bango. Duk damina sai bangon ya jiƙe daga ƙasa, fenti ya yi ta ɓarewa, tsakar gida ta zama taɓo. Yana so ya binne bututu a ƙasa ya kwashe ruwan, yana tambayar wane girman bututu zai saya, kuma zurfin nawa zai haƙa.

Malam, shawarar da ka yanke daidai ce, domin ruwan da ke zuba a gindin bango yana cin gini a hankali, mai gida bai sani ba sai tsaga ta bayyana. Amma girman bututu da zurfin rami su ne masu sauƙi a cikin aikin, kuma amsarsu tana jiran wata tambayar da ba ka yi ba: ina ruwan zai je? Ni duk wanda ya kira ni irin wannan aiki, ba na duba rufi da farko. Ƙarshen fili nake zuwa, in nemi wuri mafi gangare, in tsaya in ga ko akwai mafita. Mafitar ce za ta faɗa maka zurfin da za ka haƙa, da hanyar da bututun zai bi, har ma ta faɗa maka ko aikin zai yiwu.

Bari mu fara da yawan ruwan, don ka san abin da kake fama da shi. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce cif. Rufinka murabba'in mita 120 ne, idan ka auna shi daga ƙasa har da leɓen da ya zarce bango. Ke nan ruwan da ya kai milimita 30, wanda ba wani gagarumin ruwa ba ne, yana sauke maka lita 3,600 a gindin gini. Raba shi huɗu, kowace kusurwa ta sha lita 900 a cikin awa ɗaya ko biyu, a fili da bai fi tabarma ba. Idan ƙasarka mai laka ce, irin wadda ke kumbura in ta sha ruwa ta kuma tsattsage da rani, to kusurwar nan tana ɗagawa tana sauka duk shekara alhali tsakiyar gidan na zaune daram. Daga nan ne tsagar nan mai hawa kamar matakala take fitowa a kusurwar taga. Idan kuma ƙasar yashi ce, ruwan yana kwashe ƙananan ƙwayoyin da ke ƙarƙashin harsashi, gefen ya zauna.

Shi bututu ba jimillar ruwan ce ta dame shi ba, saurin zuwansa ne. Lissafin kuwa gajere ne: ka ninka murabba'in mitan rufi da ƙarfin ruwa na milimita a awa, ka raba da 3,600, abin da ya fito shi ne lita a sakan. A Ingila, ƙa'idar gini tana ɗaukar kimanin milimita 50 a awa ga magudanar gida ta yau da kullum. Da wannan, rufinka zai ba da lita 1.7 a sakan. Amma inda ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, ruwan minti goma na iya ninka wannan ƙarfi biyu ko uku, kuma shi ne ke cika bututu ya yi amai. Saboda haka ni da milimita 150 nake lissafi a irin waɗannan wurare, wanda zai ba ka lita 5 a sakan. Bututun roba mai sulɓin ciki na milimita 110, wanda aka fi sani da inci huɗu, idan aka kwantar da shi da gangaren santimita ɗaya a kowace mita, yana ɗaukar kusan lita 6 a sakan. Wannan adadi daga lissafin Robert Manning ya fito, injiniyan ƙasar Ayalan da ya gabatar da shi a 1889, kuma har yau da shi ake auna gudun ruwa a bututu da kwata. To ka ga inci huɗu ya ishe ka, ko da bututun huɗu duka sun haɗu a layi ɗaya. Da rufin ya haura murabba'in mita 150 a wurin da ruwa ke da ƙarfi, da sai in ce ka raba layin biyu, ko ka koma inci shida, wato milimita 160, wanda ke ɗaukar kusan ninki uku na inci huɗu. Kada dai ka sauka ƙasa da inci huɗu a abin da za a binne, ko da lissafi ya ce inci uku zai isa, domin ganye da leda ba su san lissafi ba, kuma ƙaramin bututu ya fi wahalar zurara sanda.

Yanzu mu zo kan mafita, inda nake so ka fi ɓata lokacinka.

Mafi kyawun sa'a ita ce filinka ya kasance yana da gangare, ta yadda bututun zai tafi a binne ya je ya ɓullo da kansa a fili, can nesa da gini, a bakin kwata ko wani wuri mai ciyawa da ke iya shanye ruwa. Irin wannan mafita kana ganinta da ido, in ta toshe ka sani nan take. Sai ka zuba duwatsu ko ka yi ɗan daɓen siminti a bakinta don kada ruwa ya haƙa rami, ka kuma sa ƙarfen raga don ɓera da kwaɗi kada su mayar da bututun gida. Ragar ta zama mai manyan idanu da ake iya cirewa, domin mai ƙananan idanu ganye ne zai like ta a ruwan farko.

Idan kwatar bakin titi kake nufi, je ka auna zurfinta kafin ka sayi komai. Ga dalili. A ce daga bututun da ya fi nisa zuwa kwatar mita 20 ne, kuma filin shimfiɗaɗɗe ne. Ka binne farkon bututun da ƙasa santimita 30 a kansa, kaurinsa santimita 11, ke nan cikinsa na ƙasa yana santimita 41 daga doron ƙasa. Gangaren mita 20 zai ci santimita 20. Bakin bututun zai iso kwatar a zurfin santimita 61. Idan zurfin kwatar duka santimita 50 ne, aikin ya mutu tun kafin a ɗauki diga. Ko da zurfinta ya kai 70, sai ka tambayi kanka ina ruwa yake kaiwa a cikinta idan an yi ruwa mai ƙarfi. Dubi bangon kwatar, za ka ga shatin da ruwa ya bari. Bakin bututunka ya kamata ya fito a saman wannan shati. In ya nutse a ƙarƙashinsa, a daidai lokacin da kake buƙatar bututun ya yi aiki ne ruwan kwata zai tokare shi, wani lokaci ma ya biyo shi da ƙazanta zuwa cikin gidanka. Kuma ka nemi izinin hukumar da ke kula da magudanar kafin ka fasa bangonta, domin a garuruwa da yawa doka ce.

Akwai wurare uku da ba na yarda a kai ruwan rufi ko da mai gida ya matsa. Na farko, ramin masai ko tankin bayi. Tankin nan an yi shi ne don ƙazanta ta kwanta a hankali, ruwan sama kuwa lita dubbai yake zuwa da su a lokaci ɗaya, sai ya dama abin da ya kwanta ya tura shi ya toshe ramin tsotsewa, ko ya dawo da shi ta bakin masai. Haka abin yake a manyan birane: tsofaffin magudanan Landan da Joseph Bazalgette ya gina bayan ɗoyin da ya addabi birnin a 1858 sun haɗa ruwan sama da na bayi a hanya ɗaya, kuma shi ya sa suka daɗe suna amayar da ƙazanta cikin kogin Thames duk lokacin da aka yi ruwa mai yawa. Saboda irin wannan ne sababbin unguwanni a ƙasashe da dama suke raba layukan biyu, suna kuma hana haɗa su. Na biyu, bututun nan mai huji-huji da wasu ke zagaya harsashi da shi don janye danshi. Idan ka zuba ruwan rufi a cikinsa, hujin da aka yi don ruwa ya shiga, ta nan zai fita, ka shayar da harsashinka da hannunka. Na uku, filin maƙwabci ko gindin katangarsa. Ruwan da ke ɓata maka bango zai ɓata nasa, kuma rigimar ruwa tsakanin maƙwabta ba ta saurin mutuwa.

To idan babu gangare, babu kwata mai zurfi fa? Sai ramin tsotse ruwa, wanda zai karɓi ruwan ya riƙe shi har ƙasa ta shanye. A nan ne na fi ganin an yi asarar kuɗi, domin mutane suna haƙa rami ba tare da sun tambayi ƙasar ko za ta sha ba. Gwajin ba shi da wuya. A inda kake so ka yi ramin, haƙa ɗan rami na gwaji ya kai zurfin da kake nufi, ka cika shi da ruwa, ka bar shi ya tsotse, ka sake cikawa, har sau uku a jere. Cikawar farko yaudara ce, busasshiyar ƙasa tana shan ruwa da sauri. Ta ukun ita ce ke nuna maka halin ƙasar a tsakiyar damina bayan an kwana uku ana mamako. Ƙa'idar da cibiyar binciken gine-gine ta Birtaniya ta fitar a 1991, wadda ake kira BRE Digest 365, ita ma cikawa uku ta tanada, tana auna lokacin da ruwan ke ɗauka daga kashi uku cikin huɗu na zurfin zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, kuma tana so ramin gaske ya zubar da rabin ruwansa cikin awa 24 don ya sami wurin karɓar ruwan gobe. Idan ka dawo washegari ka tarar da ruwan gwajinka yana nan kusan inda ka bar shi, ƙasarka laka ce, ramin tsotsewa ba zai yi maka aiki ba, komai girmansa. Haka kuma idan kana haƙawa ruwa ya fara tsattsafowa daga ƙasa. Gindin ramin ya kamata ya tsaya aƙalla mita ɗaya sama da inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke kaiwa a ƙarshen damina, ba inda yake da rani ba.

Idan ƙasar ta sha, sai girman ramin. Mutane suna mantawa cewa ramin da aka cika da dutse, dutsen ne ya cinye yawancin wurin. Tsakanin duwatsu, abin da ya rage wa ruwa bai wuce kashi 30 cikin ɗari ba. Lita 3,600 ɗin nan da muka lissafa, kubik mita 3.6 ke nan, za ta buƙaci rami mai kubik mita 12 idan da dutse za a cika shi: tsawo mita 3, faɗi mita 2, zurfi mita 2, kuma zurfin daga ƙarƙashin bakin bututu ake ƙirga shi, domin abin da ke sama da bakin ba ya cikin lissafi. Wannan ba ƙaramin rami ba ne, kuma ya yi nisa da ɗan ramin mita ɗaya da ake haƙawa a jefa ɓaraguzan bulo a ce an gama. Akwai akwatunan roba da ake yi musamman don wannan aiki, waɗanda kusan kashi 95 cikin ɗari na cikinsu fili ne, da su rami mai kubik mita 4 ya isa. Ko kuma a gina ramin da bulo ana barin tazara tsakaninsu, a zagaye bayansa da tsakuwa, a rufe shi da murfin kankare mai ƙarfe da ƙofar dubawa. Ni wannan na ƙarshe na fi so inda akwai magini mai hankali, saboda ana iya buɗewa a kwashe laka. Murfin ya zama mai nauyin da yaro ba zai iya ɗagawa ba. Wanda aka cika da dutse ko akwatu kuwa, a naɗe shi duka da ƙyallen nan na roba mai tace ƙasa, wanda ruwa ke ratsawa amma turɓaya ba ta bi, in ba haka ba cikin 'yan shekaru ƙasa za ta cike tsakanin duwatsun.

Nisan ramin daga gini kada ya gaza mita 5, ita ce ƙa'idar Ingila, a Amurka kuma an fi ambaton ƙafa 10, wato kimanin mita 3. Ni da biyar nake aiki, a ƙasa mai laka ko mai zaftarewa ma nakan ƙara. Ka nisanta shi da rijiyar sha, da ramin masai, da katangar maƙwabci. Ka kuma yi masa hanyar amai: wata rana za a yi ruwan da ya fi ƙarfinsa, kuma gara ka zaɓa wa rarar inda za ta ɓullo da kanka, can gefen da ƙasa ke gangarawa nesa da ɗaki.

Idan kuwa ƙasar ta ƙi sha, babu gangare, babu kwata, to gaskiyar magana binne bututu ba naka ba ne, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin da ya fi maka shi ne tanki a gindin indararo, da buɗaɗɗiyar kwata marar zurfi ta siminti da za ta ɗauki rarar zuwa waje, domin kwatar sama ba ta cin zurfin da bututun ƙasa ke ci. Tankin ma, ko da kana da mafita mai kyau, ina ba ka shawarar ka sa shi. Ruwan rufin kwano yana da amfani ga wanki da ban ruwan shuka, kuma duk litar da ta tsaya a tanki ta rage wa bututu da rami aiki. Sai dai ka tuna cikakken tanki ba ya riƙe komai, saboda haka bututun amansa ya zama daidai da girman wanda ke shigo masa da ruwa, shi kuma ka haɗa da layin ƙasa.

A ce mafita ta samu. Wane bututu za ka saya? Na roba mai sulɓin ciki, marar huji, wanda aka yi don binnewa. A Turai launinsa ruwan ƙasa ne mai ja-ja, an rubuta SN4 ko SN8 a jikinsa, lambar tana nuna ƙarfin jure nauyi, ta 8 ta fi. A Amurka za ka ga SDR 35 ko Schedule 40. Abin da nake gargaɗinka a kansa shi ne siririn farin bututun nan mai laushi da ake sawa a jikin bango. Ɗora ƙafarka a kansa ka danna, in ya lotsa, to haka zai lotsa a ƙarƙashin ƙasa. Baƙin bututun nan mai ƙunƙumi-ƙunƙumi da ke zuwa a naɗe shi ma ba na son sa a wannan aiki. Yana da araha da sauƙin lanƙwasawa, amma ba ya kwanciya miƙe, kowane lungu na cikinsa yana tara yashi, kuma sandar share bututu tana iya huda shi.

Kafin a soma haƙa, ka tabbatar da inda wayar lantarki da bututun ruwan sha da na gas suka bi. A Amurka akwai lambar waya 811 da ake kira a zo a yi maka alama kyauta. Inda babu irin wannan, tambayi wanda ya yi aikin gidan, kuma duk inda kake shakka a yi haƙan da shebur a hankali, a ajiye diga. Faɗin ramin santimita 40 zuwa 45 ya isa. Zurfi kuwa, inda ƙafa kawai ke bi, santimita 30 na ƙasa a kan bututu shi ne mafi ƙaranci. Inda mota ke hawa, ka nemi santimita 60 zuwa 90, in bai samu ba a zuba kankare a samansa a matsayin gada, a bar tsakuwa tsakaninsa da bututun. A ƙasashen da ƙasa ke daskarewa da sanyi akwai ƙarin lissafi, domin ruwan da ya kwana a bututu yana zama ƙanƙara ya toshe shi. Kada ka ja ramin a jikin bango. Ka fita da bututun daga gini kai tsaye, ka yi layinka aƙalla mita ɗaya daga harsashi, kuma kada gindin ramin ya zarce gindin harsashin zurfi idan suna kusa, domin kana cire ƙasar da ke tokare shi ne. Duk ramin da ya kai ƙirjin mutum, kamar mita 1.2, a tokare gefensa da katako ko a faɗaɗa bakinsa kafin kowa ya shiga. Kubik mita ɗaya na ƙasa ya kai tan ɗaya da rabi, kuma jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta yin sallama kafin ta rufta.

Gangaren shi ne ran aikin, kuma ido ba ya iya auna shi. Santimita ɗaya a mita, ido zai ce maka a kwance yake. Ba sai ka nemi na'urar safiyo ba. Sami siririn tiyo mai gani-har-hanji, mai tsawon mita 15 ko 20, ka cika shi da ruwa, ka fitar da kumfar iska duka. Ruwan da ke bakinsa biyu kullum a tsayi ɗaya yake tsayawa, ko da akwai kusurwar gini a tsakani. Kafa turaku a gefen ramin, kowane mita biyu, ka yi wa kowanne alama a tsayin ruwan. Daga alamar nan sai ka riƙa aunawa ƙasa: a turken farko, a ce santimita 80 zuwa bayan bututu, na biyu 82, na uku 84, haka har ƙarshe. In fili ya ba ka dama ka yi santimita ɗaya da rabi ko biyu a mita, ya fi, domin a gangaren ɗaya cikin ɗari gudun ruwan bai wuce kashi uku cikin huɗu na mita a sakan ba, wanda shi ne iyakar abin da ke iya tura yashi gaba. Abin da ya fi ƙarancin gangare muni shi ne bututu ya yi ciki a tsakiya. Wuri ɗaya da ya lotsa da santimita uku ya isa ya riƙe ruwa da laka, shekara biyu ko uku ya toshe.

Wannan lotsawa kuwa daga shimfiɗa take zuwa. Kada a kwantar da bututu a kan ƙasar da aka haƙa aka mayar, kada kuma a ɗora shi a kan guntayen bulo don a daidaita shi, duk inda bulon ya tokare nan zai fashe in nauyi ya hau. A zuba ƙananan tsakuwa ko yashi mai tsabta kaurin santimita 10, a daɓe, a daidaita gangaren a kan shimfiɗar kanta, a ɗan rarake gurbin da kan haɗi zai zauna don jikin bututun duka ya kwanta. A fara shimfiɗawa daga mafita ana hawowa, faffaɗan bakin kowane bututu yana kallon sama, inda ruwa ke tahowa. Idan aka yanka bututu, a goge bakin da fayil ya yi ɗan tsini don kada ya ture robar haɗin. A shafa sabulu ko man da aka yi don haka, ban da man inji ko giris, suna cinye robar. Idan bututun mai haɗin gam ne, a goge ƙura, a shafa gefe biyu, a tura a riƙe. Haɗin da ke ɗiga shi ne ƙofar saiwar bishiya, kuma saiwa in ta sami ɗigon ruwa da rani, sai ta cika bututun tam kamar gashi.

A wajen kwana, guji gwiwa mai kusurwa 90 a ƙarƙashin ƙasa, ka haɗa biyu masu 45 a maimakonta. Inda reshe ke shiga babban layi, ka sa mahaɗi mai siffar Y yana bin hanyar ruwa, kada ka sa mai siffar T.

Abin da ya rage shi ne wanda masu son rage kuɗi suka fi tsallakewa, ni kuwa ba na barin aiki sai da shi: hanyar shiga. Duk bututun da aka binne wata rana zai buƙaci shara, domin rufi yana tara ƙura da ganye da kashin tsuntsu duk rani, ruwan farko kuma ya kwaso su gaba ɗaya. Ka sa raga a bakin indararo ta tare ganye. A gindin kowane bututun da ke saukowa, ka sa mahaɗi mai murfin murɗawa, sama da ƙasa kaɗan, inda za ka iya zura tiyo ko sanda. A duk inda layi ya yi kwana ko biyu suka haɗu, da kuma kowane mita 15 zuwa 20 a miƙaƙƙen layi, ka gina ɗan akwatin dubawa mai murfi. Na ƙarshe, wanda ke gab da ramin tsotsewa, a yi gindinsa ya zarce bakin bututun fita da santimita 30, don yashi ya kwanta a nan maimakon ya wuce cikin ramin. Buɗe murfi ka kwashe laka da hannu aikin minti goma ne, amma ramin tsotsewa in ya cika da laka sai dai a haƙa sabo. Sai dai wannan gurbi yana riƙe ruwa, sauro kuma daga ƙwai zuwa mai fiffike mako ɗaya zuwa kwana goma yake buƙata. Saboda haka ko dai murfin ya rufe ruf a kuma sa ragar sauro a sauran ƙofofin, ko a huda gindin akwatin a zaunar da shi a kan tsakuwa don ragowar ruwan ya tsiyaye, tunda shi yana nesa da gini.

Kada ka bari a mayar da ƙasa sai ka gwada. Toshe bakin ƙasa, ka cika layin da ruwa, ka yi alama, ka jira rabin awa, ka bi haɗi ɗaya-ɗaya da hannu kana laluben danshi. Sannan ka buɗe, ka kwarara bokiti uku a jere daga can sama, ka jefa ɗan ƙwallo mai iyo a ciki ka ga ko zai fito. Bayan ruwan ya wuce, haska tocila daga akwati ɗaya, wani ya leƙa ta ɗayan da madubi: in ya ga da'irar haske cikakkiya, layin ya miƙe, in ya ga rabi ko ƙyallin ruwa a kwance, akwai inda ya lotsa, a gyara shi yanzu. Daga nan a zuba tsakuwa ko yashi a gefe biyu ana cusawa da ƙafa, a rufe saman bututun da santimita 10 zuwa 15 na irinsa, sannan a mayar da ƙasa kaɗan-kaɗan ana daɓewa, ban da manyan duwatsu. Ƙasar da ke gindin bango kuma a ɗaga ta ta gangara waje, kamar santimita 5 a kowace mita na mita biyu ko uku na farko, domin ruwan da iska ke kaɗawa jikin bango ba ya bi ta indararo.

Kafin a rufe, ɗauki hoton ramin daga kusurwoyi da yawa, ka auna nisan kowane kwana daga bango ka zana a takarda ka adana tare da takardun gida, don ranar da za a haƙa wani abu a tsakar gidan. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi na farko kuma ka fita da lema ka duba gindin bututun huɗu da bakin mafita. Idan ruwa na tasowa ta gindin bututu alhali mafita na zuba kaɗan-kaɗan, akwai toshewa a tsakani, ka fara buɗe akwatin da ya fi kusa da mafita kana hawowa har ka iske wanda ya cika. Bangon da ya riga ya jiƙe kuwa kada ka yi saurin yi masa fenti, ka kankare wanda ya ɓare, ka bar shi ya sha rani guda ya bushe tukuna.